YARO YA CI BAK: INA ZA A SAMU KUƊƊIN JAMI'A?

Kowace shekara, in damina ta kankama, ana fiddo sakamakon jarrabawar bak. Bak ita ce jarrabawar ƙarshen lise. Wanda ya ci ta, ƙofar jami'a ta buɗe mishi. Ran nan gida ya cika da guɗa, maƙwabta suna shigowa barka. Amma in dare ya yi, baƙi sun watse, sai uba ya kwanta yana lissafi. Babu jami'a a ƙauye. Yaro zai tafi Yamai, ko Maraɗi, ko Damagaram, ko Tawa. Can zai ci, can zai kwana, can zai sayi littattafai. Ga shi lokacin nan rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Da me za a yi?

Akwai taimako. Amma taimakon ba ya biyo mutum gida. Nemanshi ake yi, da takardu, kuma cikin lokaci. Yara da yawa sun rasa shi, ba don ba su da ƙoƙari ba, sai don takarda guda ta ɓace, ko don labari ya iso gari bayan an rufe karɓa.

Jami'o'in ƙasa

Da, jami'a guda ce a Nijar. An kafa ta a Yamai a 1971, ta zama cikakkar jami'a a 1973. A 1992 anka sa mata sunan Abdu Mumuni, babban malamin nan da ya yi bincike kan wutar hasken rana. A 2010 gwamnati ta kafa jami'o'i uku: ta Maraɗi, ta Damagaram da ta Tawa. A 2014 anka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Dosso da Tilaberi. Yanzu kowace jaha tana da tata.

Wannan ya rage wa talaka nauyi. Yaron Tasawa ko na Dakwaro ba dole ba ne ya tafi Yamai. Yana iya karatu a Maraɗi, inda buhun gero zai iske shi cikin yini guda. Sai dai ba kowane fanni ake koyarwa a kowace jami'a ba. Yaro ya tambaya tukuna, ya san inda abin da yake so yake.

Karatun hawa uku ne. Hawa na farko shekara 3, sunanshi lisansi. Na biyu shekara 2, sunanshi mastar. Na uku dokta. Karatun likita ya fi sauran tsawo. Uba ya san wannan tun da wuri, don ya san shekara nawa zai ɗauki nauyi.

Mene ne bursi?

Bursi kuɗɗi ne da gwamnati ke ba ɗalibi don ya ci, ya sha, ya yi karatu. Ba bashi ba ne. Ba albashi ba ne. Ofishin da ke riƙe da wannan aiki sunanshi ANAB, kuma cibiyarshi tana Yamai. Can ake tattara takardun masu nema. Wani kwamiti na ƙasa ya zauna ya duba su, ya fiddo sunayen waɗanda sunka samu.

Nawa ne? A shekarun 2010, ɗalibin da ke hawa na farko a cikin ƙasa yana samun jikka 35 a wata. Ana tara na wata uku a biya gaba ɗaya, wato jikka 105. In an ji jikka ɗari da biyar, sai a ce kuɗɗi ne masu yawa. Amma a raba jikka 35 cikin kwana 30. Abin da ke faɗowa rana guda bai kai jikka ɗaya da dala arba'in ba. Cikin wannan za a ci abinci, a biya ɗaki, a sayi sabuni, a buga takardun darasi, a hau mota. Saboda haka uban da ya zura ido yana jiran ɗanshi ya aiko mishi da rabon bursi, ya ɗora wa yaron kayan da sunka fi ƙarfinshi.

Abu na biyu, kuɗɗin ba su cika zuwa kan lokaci ba. Sau da yawa ana jinkiri, har wata da watanni. Ɗalibai sun sha barin aji saboda wannan. Sabon ɗalibi ya fi kowa shan wuya, don sai an gama duba takardu kafin sunanshi ya shiga cikin masu karɓa. Kada yaro ya bar gida hannu wofi da sunan ya samu bursi.

Wa ke samu?

Ba duk wanda ya ci bak ke samun bursi ba. Masu nema sun fi kuɗɗin yawa. Ana duba abu kamar huɗu: yaro ɗan ƙasa ne? Shekarunshi nawa? Maki nawa ya samu? Wane fanni zai karanta?

Maki yana da nauyi ƙwarai. Ana lissafin bak kan 20. Mai 10 ya ci. Mai 12 ya ci da yabo. Mai 14 ya fi shi, mai 16 ya fi su duka. Yara biyu suna iya cin bak rana guda, ɗaya da 10, ɗaya da 13. A gida dukansu an yi musu guɗa iri ɗaya. A gaban kwamiti ba ɗaya suke ba. To neman bursi tun cikin aji yake farawa. Uban da ke fidda ɗanshi daga lakkwal ranar kasuwa, ko ya riƙe shi gona bayan an koma karatu, maki yake rage mishi bai sani ba.

Akwai kuma iyakar shekaru. Sanarwar kowace shekara takan faɗe ta. Yaron da anka sa lakkwal a makare, ko wanda ya maimaita aji sau da yawa, yana iya wuce iyakar.

Ɗiya mace da ɗa namiji hakkinsu ɗaya. Takardun da ake nema ɗaya ne, kuɗɗin ɗaya ne. A jami'a akwai ɗakunan kwana na mata daban da na maza.

Wanda bai samu bursi ba kada ya yanke ƙauna. Akwai wani taimako da ake ba ɗaliban da ba su da bursi, sau ɗaya a shekara. Bai kai bursi ba, amma yana toshe wata kafa. Shi ma sai an nema da takardu. Ban da wannan, kowace jami'ar gwamnati tana da ofishin kula da rayuwar ɗalibai. Shi ke riƙe da gidan abinci, da ɗakunan kwana, da ɗakin shan magani. Ana sayen tikiti da araha a ci abinci. Ɗakuna ba su isar kowa, don haka wanda ya riga rubuta suna ya fi sa rai.

Takardun da za a tara

Nan ne aikin yake, kuma nan ne uba ke da hannu. Tarin takardun nan shi ƴan lakkwal ke kira dosiye. Abin da ake nema yana ɗan sakewa daga shekara zuwa shekara, amma waɗannan kusan kullum suna ciki:

takardar roƙo da yaro zai rubuta da hannunshi, a manna mata tambur;
takardar haifuwa;
takardar zama ɗan ƙasa;
takardar shaidar cin bak, da takardar maki;
hotuna ƙanana.

Wani lokaci ana ƙara takardar likita, da takardar kotu mai shaida cewa ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba. Wannan ta kotu wata 3 take aiki. In an karɓe ta da wuri ƙwarai, sai ta mutu kafin a buƙace ta.

Uwar takardu duka ita ce takardar haifuwa. In babu ita, babu takardar ɗan ƙasa. In babu takardar ɗan ƙasa, babu bursi, babu fasfo. Jaririn da anka rubuta cikin wa'adi, a asibiti ko wurin mai rubuta haifuwa na gari, takardarshi kyauta ce. Wanda ba a rubuta ba, sai an tafi gaban alƙali da shaidu, ya yi hukunci, hukuncin ya tsaya a madadin takardar. Wani lokaci alƙalai suna fitowa rangadi ƙauyuka don wannan aiki. In an ji sun zo, a kai yara duka, har na goye. Yau ba a ga amfaninta ba, bayan shekara 18 za a gani.

Takardar ɗan ƙasa a kotu ake yin ta. Ana neman takardar haifuwar yaro, da takardar uba ko ta uwa. Ke nan uban da shi kanshi ba shi da takarda yana iya tsaida ɗanshi. Wannan aiki ba a barinshi sai bak ta fito. Lokacin nan kotu cike take da masu nema. A yi shi tun da rani, yaro yana ajin ƙarshe ko ma kafin nan.

Sai maganar suna. Wannan ƙaramin abu ya ɓata wa mutane da yawa shekara guda cur. Suna guda ana rubuta shi iri iri da faransanci. Wani magatakarda ya rubuta Mahamadou, wani ya rubuta Mahamane, wani Mamane. Wani ya sa Aboubacar, wani ya sa Boubacar. A gari duk mutum guda ne, kowa ya san shi. A ofis kuwa mutum biyu ne. In takardar haifuwa ta ce abu kaza, takardar bak ta ce wani abu, sai a ajiye dosiye gefe. Haka ma ranar haifuwa da sunan gari. Uba da ya yi yaƙi da jahilci yana iya yin wannan bincike da kanshi. Ya shimfiɗa takardun kan tabarma, ya bi su baƙi bayan baƙi, lamba bayan lamba. In ya ga bambanci, a kai gyara nan da nan, don gyaran yana ɗaukar lokaci.

Wasu kuma, in sun ga yaro ya kusa wuce iyakar shekaru, sai su nemo mishi sabuwar takarda da ƙananan shekaru. Wannan laifi ne a doka. Kuma tsohuwar ranar haifuwa tana nan rubuce a littafin lakkwal tun ajin farko. Ran da anka haɗa biyun, bursi ya tafi, wata kila har da takardar bak ɗin.

Ba a bada takarda ta asali. Ana buga kwafinta, a kai ofishin magajin gari ko na ƴan sanda, su duba, su buga hatimi. Kwafin mai hatimi shi ake sawa cikin dosiye. A yi kwafi da yawa lokaci guda, don za a yi ta nemansu. Ta asali a sa ta cikin leda, a ajiye cikin akwatin ƙarfe, nesa da gara da ɗigon ruwa. In yaro ya miƙa dosiye, ya karɓi ƴar takardar shaida, ya riƙe ta da kyau.

Ina ake jin labari?

Ana bada sanarwa a rediyo da talabijin. Ana manna ta a lise, da ofishin ilimi na jaha, da jami'a. Yanzu ana sa ta kuma a intanet, ta shigo cikin wayar hannu. Wa'adin yakan yi gajere. To lokacin ya faɗo daidai da noma. Yaro ya ci bak, ya koma ƙauye ya duƙufa gona, babu rediyo, waya babu caji. Kafin ya ɗaga kai an rufe. Dabara ita ce, kafin ya bar birni ya bar lambar waya wurin diraktan lise, ko wurin wani malaminshi, ko abokin karatu mai zama birni. Kuma a bar shi ya leƙa gari ko da sau ɗaya ne a mako.

Bursin ƙasashen waje

Wasu ƙasashe abokan Nijar suna bada gurabe ga ɗalibanta. Cikinsu akwai Maroko, Aljeriya, Masar, Turkiya, Rasha, Sin da Indiya. Wasu guraben ta hannun gwamnati suke biyowa, ANAB ta yi sanarwa, a zaɓi masu maki mafi yawa. Wasu kuma ɗalibi ke nema da kanshi ta intanet. Hanyar Faransa, wadda aka fi sani da, ta ƙuntata tun 2023, kuma an rufe ofishin jakadancinta na Yamai a farkon 2024.

Ga misalin Turkiya. Ana buɗe nema a watan Janairu, a rufe cikin Fabrairu. Duka ta intanet ake yi, kuma ba a biyan ko dala. Mai neman hawa na farko kada ya kai shekara 21. Ana son makin da ya kai kashi 70 cikin 100, mai son likita kuwa kashi 90. Wanda anka ɗauka, ana biya mishi kuɗɗin makaranta, da ɗaki, da magani, da tikitin jirgi, da ɗan abin kashewa kowane wata. Shekarar farko harshen Turkanci zai koya. A lura da lokacin: Janairu ne, kafin a yi bak. Yaron da ke ajin ƙarshe yana iya nema da makin da yake da shi. Wanda ya jira sakamako sai baɗi.

A Rasha da Sin ma galibi sai an yi shekara ana koyon harshe kafin a shiga karatu sosai. A Maroko, fannoni da yawa na kimiyya da faransanci ake yin su, don haka yaron Nijar ba ya shan wuyar harshe ƙwarai. Amma ba kowane bursi ke ɗauke kome da kome ba. Wani makaranta kawai yake biya. Wani ba shi da tikiti. Kafin a yi murna, a karanta takardar a ga wa zai biya jirgi, wa zai biya ɗaki, wa zai biya magani. A tuna kuma da sanyin ƙasashen nan, wanda ba irin na hunturun gida ba ne. Tufafin sanyi kuɗɗi ne. Fasfo ma kuɗɗi ne, kuma yana ɗaukar lokaci.

Yaran da sunka yi makarantar faransanci da larabci suna da tasu hanya. Akwai Jami'ar Musulunci ta Sayi, wadda ƙungiyar ƙasashen musulmi ta kafa, ta fara aiki a 1986. Tana da sashen mata a Yamai. Akwai Azhar a Masar, akwai jami'ar Madina. Bankin Musulunci na raya ƙasa, wanda ke Jidda, shi ma yana bada bursi, musamman ga masu karatun likita, noma da aikin injiniya.

A yi hattara da ƴan damfara

Duk inda ake neman abu ido rufe, macuta suna nan. Wani zai zo ya ce yana da hanya a ofis, a ba shi jikka kaza ya sa sunan yaro. Wani zai aiko saƙo a waya, ya ce yaro ya ci bursin Kanada ko na Amurka, a turo kuɗɗin buɗe dosiye. Yaron bai taɓa nema ba, ta yaya ya ci? Ba a sayar da bursi. Abin da ake biya sananne ne: tambur, hatimi, hoto, takardar kotu, takardar likita. In an biya abu a ofis, a nemi rasit. Duk wanda ya ce a tura kuɗɗi a lambar wayarshi, kuma a yi sauri, kuma kada a faɗa wa kowa, a kai takardar ko saƙon wurin diraktan lise ya gani tukuna. Akwai gidajen da sunka saida saniya ko sunka jinginar da gona saboda irin wannan, ba yaro a jirgi, ba saniya a turke.

Haka ma makarantu masu zaman kansu. Sun yi yawa a birane, wasu nagari, wasu suna kawai. Kafin a biya, a tambaya ko gwamnati ta yarda da makarantar, kuma ko ta yarda da fannin da yaro zai yi. Mai zuwa karatu Kano, Katsina, Sakkwato ko Zariya, shi ma ya tambaya tun kafin ya tafi ko za a karɓi takardarshi in ya komo gida.

Abin da gida zai iya

Ko da bursi ko babu, watannin farko na gida ne. Mai dabara yana fara shiri tun yaro yana lise. Wani yana turke rago ko biyu da sunan yaron, ya saida gab da babbar salla, ya ajiye kuɗɗin. Wata uwa tana shiga adashi, ta roƙi a ba ta kwasarta lokacin komawa makaranta. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, waɗanda anka fara a jahar Maraɗi a 1991, suna ba mambobinsu ƙaramin rance daga asusunsu. Inda akwai bankin hatsi ko tsarin ajiye amfanin gona a karɓi rance, ya fi a kwashi wake da gyaɗa a kai kasuwa da kaka, lokacin da ba su da daraja.

Ba kuɗɗi kawai ba ne taimako. Garin gero, wake, ƙuli-ƙuli, busasshiyar kuɓewa, kuka, man gyaɗa, duka suna rage wa ɗalibi kashe kuɗɗi. A birni kuma akwai ƙungiyoyin ƴan gari. Ɗaliban kowane yanki suna da tasu a jami'a. Su ke tarbar sabon zuwa a tasha, su ba shi wurin shimfiɗa tabarma kafin ya samu ɗaki, su nuna mishi ofis ofis. Tun kafin yaro ya hau mota, a nemi lambar ɗaya daga cikinsu.

Bursi ba a bada shi sau ɗaya a ce an gama. Kowace shekara ana sabunta shi. Ɗalibi zai kai takardar shaidar ya sake rubuta suna a jami'a, da takardar makin shekarar da ta wuce. Wanda ya yi ta faɗuwa, ana yanke mishi. Wanda ya sake fanni bai sanar ba, shi ma yana iya rasawa. Saboda haka in yaro ya zo hutu, uba ya ce ya nuna mishi takardar maki, kamar yadda yake yi tun yana ƙaramar lakkwal. Lambobin kan 20 suke, kuma 10 ita ce iyaka.